Wa zai ɗauki hoton layinmu?

Ƙanwata tana sayar da turaren wuta da humra daga ɗakinta a Rigasa, cikin Kaduna. Ba ta da shago, ba ta da allo a ƙofar gida, kasuwarta duk a cikin WhatsApp take. Wata Asabar ina gidan na ji ta kwashe kusan minti ashirin a waya tana yi wa yaron da zai ɗauki saƙo kwatance. "Ka wuce gidan man? To ba wannan ba, na gaba. Za ka ga mai faci a hannunka na dama, sai ka sha kwana. A'a, kada ka shiga layin da ke da kwata a tsakiya, na bayansa." Yaron ya gaji ya ce, "Hajiya, don Allah ki turo min lokeshan kawai." Ta tura. Ba a yi minti biyar ba ya sake kira. Ɗigon ya kai shi bayan gidan, ga katanga a gabansa, ƙofar kuma tana wani layin daban da ba ya shiguwa sai an koma bakin kwalta an zagayo. A ƙarshe almajirin gidan aka tura ya tsaya a titi yana ɗaga hannu.

Da ta ajiye wayar sai ta juyo ta ce, "Yaya, ba kai ka ce a Legas mutum yana ganin hoton ƙofar gida a wayarsa tun bai isa ba? Mu yaushe za a zo a yi mana?"

Na yi dariya na ce ta ƙara haƙuri. Amma tun daga ranar tambayar ke yi min yawo a kai, kuma yanzu ina ganin amsar da na ba ta ba daidai ba ce. Haƙurin jiran wani ya zo ya ɗauki hoton layinmu shi ne ainihin kuskuren. Kamfanonin da ke wannan harka ba don mu suke gasa ba, kuma ko sun zo, ba layin ƙanwata za su shiga ba. Idan muna son hoton titunan Kaduna ya amfane mu bai cuce mu ba, sai mun sa hannu a ɗaukarsa, mun kuma faɗi sharaɗinmu tun kafin kyamara ta iso.

Abin da take nufi shi ne Street View, wanda kamfanin Google ya ƙaddamar a watan Mayun 2007 da wasu birane biyar na Amurka. Mota ce ake kafa wa kyamarori a kan wani dogon ƙarfe a rufinta, tana tafiya tana ɗaukar hoto gaba da baya, dama da hagu, na'urar GPS tana rubuta daidai inda aka ɗauki kowanne. Daga baya kwamfuta ta ɗinke hotunan su zama abu ɗaya, ta yadda kana zaune a Kawo za ka ji kamar kana tsaye a wani titin Landan kana waige-waige. A 2022, da abin ya cika shekara 15, kamfanin ya ce ya tara hotuna sama da biliyan 220 daga ƙasashe da yankuna fiye da 100. Najeriya ta shiga sahu a watan Yulin 2017, lokacin da shugaban kamfanin, Sundar Pichai, ya zo Legas aka buɗe hotunan kimanin kilomita 10,000 na titunan birnin. A 2019 aka sanar da ƙarin Abuja, Benin, Inugu da Ibadan. A waɗannan sanarwa biyu babu Kaduna, babu Kano, babu Zariya.

Na san akwai masu cewa wariya ce. Ni ban ɗauke shi haka ba, lissafin ɗan kasuwa ne tsagwaronsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutane da yawa suna zaton an ɗauki hotunan nan ne don mu sha kallo, alhali kallon da muke yi ragowa ce. Hoton titi ɗanyen kaya ne da ake sarrafawa a fitar da taswira. Kwamfuta tana karanta lambar gida a jikin gini, sunan titi a jikin allo, sunan shago, alamar da ta hana shiga da wadda ta iyakance gudu, sai ta gyara taswirar da kanta. Wanda ya daɗe yana hawa intanet zai tuna lokacin da wasu shafuka ke nuna masa hoton wasu lambobi a dusashe su ce ya rubuta don a tabbatar mutum ne shi. Tun daga 2012 wasu daga cikin lambobin nan na ƙofofin gidaje ne da motar ta ɗauko, mu kuma muna karanta wa kamfanin kyauta ba mu sani ba. Taswirar da ta san inda kowane shago yake ita ce ke sayar da talla, ita ce kamfanonin tasi da na kai kaya ke biya su yi amfani da ita. Inda masu biyan suka fi yawa, can motar ke fara zuwa.

Kuɗin da aka zuba a wannan kokawa ba na wasa ba ne. Nokia, mai wayar da muka fara riƙewa, ta sayi kamfanin taswira na Navteq a kan dala biliyan 8.1, daga baya a 2015 ta sayar da sashen taswirarta ga masu ƙera motocin Jamus, Audi da BMW da Daimler, a kan yuro biliyan 2.8. Microsoft ya fito da nasa hoton titin mai suna Streetside a 2009. Apple ya cire taswirar Google daga iPhone a 2012 ya sa tasa, ta fito da kurakurai har sai da shugabansa Tim Cook ya fito ya ba jama'a haƙuri, bai kuma kawo nasa hoton titin, Look Around, ba sai 2019. Google ya saye manhajar nuna wa direbobi hanya ta Waze a 2013, sannan a 2018 ya tsauwala farashin da yake cajin kamfanonin da ke ɗora taswirarsa a manhajojinsu. Facebook, wanda kamfaninsa ya koma Meta daga baya, ya sayi rumbun hotunan titi na Mapillary a 2020. A ƙarshen 2022 Amazon da Meta da Microsoft da kamfanin taswira na TomTom suka haɗa kai suka kafa gidauniyar Overture don tara bayanan taswira da kowa zai iya ɗauka. Babu wanda ya faɗi sunan wanda ake yi dominsa, amma ko yaro ya san mai gidan da ake taruwa a kansa.

Labarin Jamus ne ya fi tsaya min a rai. Da Google ya zo da motocinsa, Jamusawa suka tayar da ƙura a kan sirrin gidajensu. Kafin a buɗe hotunan a 2010, magidanta fiye da 244,000 sun nemi a dusashe gidajensu. Kamfanin ya buɗe manyan birane 20, a 2011 ya ce ya daina ƙara sababbi. Sama da shekara goma Jamus, mai ƙarfin arzikin Turai, tana zaune da tsofaffin hotuna. Ba roƙo ne ya dawo da shi ba, ba kuma gwamnati ba. A 2022 Apple ya buɗe nasa hotunan titunan Jamus, a 2023 sai ga Google ya dawo da sababbi. Kishiya ta shigo, uwargida ta tuna da kwalliya.

To a Kaduna wace ce kishiyar? Ka shiga keke daga Kasuwa zuwa Mando ka dubi wayoyin da ke hannun mutane: Tecno, Infinix, itel, Redmi, Samsung. Dukkansu Android ne, dukkansu da taswirar Google a ciki tun daga kwali. Masu iPhone ba su kai yawan da za su sa Apple ya turo mota Kurmin Mashi ba. Gasar da ake ta ba da labari a jaridun ƙasashen waje tana tsayawa ne a inda aljihu ke da nauyi. A wajenmu kasuwar mai kaya ɗaya ce, mai kaya ɗaya kuwa ba ya gaggawa.

A ce ma motar ta zo gobe, ta kwana bakwai a garin nan. Me za ta gani? Kaduna gari biyu ne a cikin riga ɗaya. Akwai wanda Turawa suka zana da abin awo tun da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, aka kuma sake yi masa babban tsari a 1967 a hannun Max Lock, wani Bature mai tsara birane: faffaɗan tituna, itatuwa a jere, kowane titi da sunansa a allo. Motar za ta bi Ahmadu Bello Way da Independence Way, ta bi Ali Akilu da Isa Kaita, ta zagaya Unguwar Rimi da Malali, ta gangara Kachia Road, ta dawo ta baifas. Hotunan za su yi kyau. Sai kuma ɗaya garin, inda mafi yawanmu ke kwana: cikin Rigasa, Unguwar Sanusi, Hayin Banki, Rafin Guza, Unguwar Mu'azu, lungunan Tudun Wada. Akwai layin da ko keke sai ya karkace yake wucewa, akwai wanda da damina sai a ƙafa, kana tsallake kwata kana riƙe da takalmi. Google yana da kyamarar goyo da mutum ke ɗauka a baya, amma wuraren tarihi da na yawon buɗe ido aka fi kai ta. Ban ga ranar da za a biya wani ya goya ta ya bi lungun da ƙanwata ke aure ba.

Ga kuma yadda mu kanmu muke riƙe garin a ka. Bakadune ba ya kwatance da abin da ke rubuce a allo, da abin da ya taɓa kasancewa a wurin yake yi. Har gobe ana cewa Leventis, alhali wanda aka haifa shekara ashirin da suka wuce bai taɓa sayen ko allura a kantin ba. Ana cewa NEPA bayan hukumar ta canza suna ta sake canzawa. An rushe otal ɗin Durbar a 2020, amma ka ce wa mai keke ya sauke ka a Durbar, ba zai tambaye ka ina ne ba. Waff Road ta koma Muhammadu Buhari Way a takarda, a baki kuwa tana nan Waff. Muryar da ke cikin waya ta ce ka juya dama a wani titi mai sunan da ba ka taɓa ji ba, ta kuma furta shi yadda ko mai sunan ba zai amsa ba. Wannan ilimin, na sunan da mutane ke kiran wuri da shi, babu kyamarar da ke iya karanto shi a jikin bango. Sai ɗan gari ya zauna ya rubuta.

Duk da haka ina son hoton, kuma ba don kai saƙon turare kaɗai ba. Tun da aka fara aikin sabunta birni a 2019, Kaduna ta sauya kama da saurin da ya sa wanda ya yi shekara uku a waje yake ɓata a garinsu. An sake gadar Kawo aka buɗe ta a farkon 2022, an faɗaɗa tituna, an rushe kasuwanni an sake gina su. Wasu sun yaba, wasu har yau suna kuka, ba wannan ce muhawarata a yau ba. Abin da ke damuna shi ne babu inda zan je in sake ganin tsohuwar Kasuwar Barci layi-layi, inda mahaifiyarmu ke jan hannunmu gab da sallah, mu kutsa tsakanin rumfunan gwanjo da na teloli, ƙarar keken ɗinki ta cika kunne. Tun 2014 Street View yana da wurin da za ka danna ka koma hoton shekarun baya na titi ɗaya. Yaron Landan yana iya ganin shagon kakansa yadda yake a 2009. Namu yaran sai dai mu ba su labari, gani kuwa ya kori ji. Ba kewa kaɗai ba ce. Ranar da aka zo lissafin diyya, ana gardamar rumfa nawa ce a layin, gini ne ko langa-langa, hoto mai kwanan wata ya fi rantsuwar shaidu goma.

Yanzu bari in zo kan abin da na san yana cin mai karatu tun ɗazu, domin ni ma yana ci na. A jihar da aka tare jirgin ƙasa a ranar 28 ga Maris 2022 aka kwashe fasinjoji, a jihar da sai da gwamnati ta katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi a 2021 saboda 'yan bindiga, wane mai hankali ne zai so a baza hoton ƙofar gidansa a duniya? Hoton zai nuna tsawon katanga, ko akwai waya a samanta, ƙofar ƙarfe ce ko ta katako, motar da ke fake a waje, hanyar da ta ɓulle ta baya. Na tayar da zancen a majalisarmu bayan isha'i, wani dattijo da muke kira Baba ya ce, "Kai yaro, ɓarawo yana neman hanya kai kuma kana neman ka zana masa?" Ban iya ce masa bai da gaskiya ba.

Masu wasan GeoGuessr, wani wasan intanet da ake jefa ka a hoton titi ka canki ƙasar da kake, suna da alamar da suke gane Najeriya da ita: sau da yawa idan ka waiga baya a hoton za ka ga motar rakiyar jami'an tsaro tana bin motar kyamarar. Abin dariya, abin kuka. Mai ɗaukar hoton ma bai yarda ya fito shi kaɗai ba.

Sai dai na ce wa Baba, da ladabi, duk labarin garkuwa da mutane da muka ji a unguwannin bakin gari, da wuya ka ji wanda babu infoma a ciki. Wanda ya san yaushe maigida ke dawowa, ya san an sayar da gona ko an biya kuɗin fansho, ba hoton da aka ɗauka shekara biyu da suka wuce ne ya gaya masa ba. Makusanci ne. Sannan akwai abin da ba mu cika lura da shi ba. Gidan Bahaushe an gina shi ne don ya kare kansa daga idon mai wucewa: katanga, zaure, wani zauren, kafin a kai tsakar gida inda iyali ke sha'aninsu. Duk tsarin ya ginu a kan cewa ido daga titi yake zuwa. To hoton tauraron ɗan adam daga sama yake kallo, kuma ya daɗe a cikin kowace waya. Ba ya nuna fuska, amma yana nuna tsakar gidan, da yawan ɗakuna, da bishiyar mangwaron, da inda rijiya take. Muna tsaron ƙofa, an riga an leƙo ta rufi, kuma babu wanda ya nemi izininmu. Wannan ne ya sa nake ganin cewa "kada a ɗauka" ba matsayi ba ne da zai kare kowa. Abin da ya rage mana iko a kai shi ne yadda za a ɗauka, da inda za a tsaya, da wanda zai riƙe.

Wasu ƙasashen sun nuna ana iya gindaya sharaɗi kamfani ya bi. Japanawa, masu ƙananan layuka da gajerun katangu, sun koka cewa kyamarar tana leƙa cikin gidajensu. A 2009 Google ya rage tsawon ƙarfen da santimita 40 ya sake ɗaukar hotunan. Ka auna wannan da katangar ƙasa ta gidajenmu na gargajiya, wadda mai tsawo ma yana iya hango ciki in ya yi ɗage. Indiya ta hana Street View a 2016 saboda dalilan tsaro, daga baya ta yi ƙa'idar da ta ce kamfanonin cikin gida ne za su ɗauki irin waɗannan hotuna su riƙe su. A 2022 Google ya shiga, amma ta hannun Genesys da Tech Mahindra, kamfanonin Indiya. Kuma kada a ce zargi ne kawai ke sa a yi taka-tsantsan. A 2010 kamfanin da bakinsa ya amsa cewa motocinsa sun kwashi bayanan mutane daga Wi-Fi ɗin gidajen da ba a kulle ba, har a 2013 ya biya jihohin Amurka 38 dala miliyan 7. Fuska da lambar mota ana dusashe su da kwamfuta tun 2008, kuma mai gida yana iya neman a dusashe gidansa. To amma fom ɗin a intanet yake. Tsohuwar da ke Badiko, wadda ba ta san an ɗauka ba balle ta san ana iya gogewa, wa zai cika mata?

Muna da doka yanzu, dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, da hukumar da ke kula da ita a Abuja. Muna da hukumar KADGIS tun 2015, mai riƙe da bayanan filaye da gidajen jihar a kwamfuta. Ba na ganin ya fi ƙarfin gwamnatin jiha ta ce duk wanda zai ɗauki hoton titunan Kaduna don kasuwanci, ko daga Amurka yake ko daga Legas, sai ya sanar a rediyo da Hausa mako guda kafin ya shiga unguwa, sai hakimi da masu unguwanni sun sani, kyamararsa kada ta ɗara katanga, wanda ba ya so a nuna gidansa ya faɗa wa mai unguwa da baki a rubuta. Barikoki da makarantar horar da sojoji da sansanin mayaƙan sama, wannan ba sai an faɗa ba. Sharaɗin da na fi damuwa da shi kuwa shi ne a ajiye wa jihar kwafi, a wurin da ɗalibi da ɗan jarida da lauya za su iya dubawa bayan shekara talatin.

Amma sharaɗi na mai zuwa ne, mu kuma mun ce ba lallai ya zo lungunmu ba. Nan ne aikin ya dawo kanmu, kuma ba sabon abu ba ne a Arewa. Lokacin yaƙi da shan inna, da aka ga taswirar da ake zanawa da hannu tana tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka, sai aka koma ga hotunan tauraron ɗan adam aka zana matsugunai ɗaya bayan ɗaya, aka ba masu rigakafi wayoyi masu GPS don a ga inda suka taka da inda suka bari. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano tana cikin waɗanda suka yi aikin, yaranmu ne kuma suka bi gida-gida. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. A Nairobi, unguwar Kibera ta daɗe tana fili fari a taswira duk da dubban mutanen da ke cikinta, sai a 2009 matasan unguwar suka ɗauki na'urori suka zana ta da kansu a OpenStreetMap, taswirar da aka kafa a 2004 wadda kowa ke iya gyarawa kowa kuma ke iya ɗauka kyauta. Sun sa famfunan ruwa, asibitoci, makarantu, makewayi. Abin da Kibera ta yi, Rigasa ba za ta kasa ba.

Akwai wani ɗan Zimbabuwe, Tawanda Kanhema, da ya ga garinsu Harare babu shi a Street View, a 2018 ya kashe kusan dala 5,000 daga aljihunsa ya zagaya ƙasar da kyamara ya ɗora hotunan. Na jinjina masa. Sai dai ni da za a tambaye ni, ba zan so yaranmu su yi wa kamfani ɗaya noma kyauta ya kulle amfanin a rumbunsa ba. Mapillary, wanda aka kafa a Suwidin a 2013, yana karɓar hoton da aka ɗauka da wayar hannu, a ƙafa ko a kan babur, ya dusashe fuska da lambar mota, kuma hotunan suna ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar amfani da su. Gaskiya ne yanzu na Meta ne, don haka shi ma ba gidan ubanmu ba ne. Faransawa sun ga haka, hukumar taswirar ƙasarsu da masu sa kai na OpenStreetMap suka kafa nasu rumbun mai suna Panoramax, wanda kowace hukuma ko ƙungiya ke iya kafa irinsa a kwamfutarta. Kadpoly tana koyar da safiyo, Jami'ar Ahmadu Bello ma haka. Ɗalibai nawa ne ke neman aikin kammala karatu kowace shekara, su ƙare da kwafo abin da wani ya rubuta? Waya ɗaya a ɗaure a gaban keke napep da ke zirga-zirga tsakanin Bakin Ruwa da tashar jirgi, a mako guda ta ɗauke babban titin Rigasa da kowane shago da ke bakinsa.

Na san inda gizo ke saƙar. Yaron da ya fito yana ɗaukar hoton layi da waya a Kadunan yau, kafin ya kai ƙarshen layin an taru a kansa ana tambayarsa wa ya aiko shi, in bai yi sa'a ba ya kwana a ofishin 'yan sintiri. Mutane ba su yi laifi ba, abin da suka gani ne ya koya musu. Shi ya sa aikin ba na mutum ɗaya da zumuɗinsa ba ne. Sai da takardar hukuma, sai da ɗan unguwa a gaba, sai an yi sanarwa a masallaci da coci. Kuma ni a ra'ayina ba kowane lungu ne ke buƙatar hoto ba. Manyan tituna, kasuwanni, bakin asibitoci da makarantu da tashoshin mota, waɗannan a ɗauka a riƙa sabuntawa. Layin da gidajen aure ne zalla, ya isa a zana shi daidai, a sa masa suna, a nuna ta inda ake shigarsa da inda ya toshe. Wanda ke sana'a a gida kamar ƙanwata, idan ita da mijinta sun yarda, su sa hoton ƙofarsu da hannunsu.

Wani abokina ya ce min ana fama da kuɗin masara ina zancen taswira. Na ce masa ya tuna daren da matar maƙwabcinsa ta fara naƙuda, aka samu mai mota a waya, ya yi ta zagaye unguwar yana kira ana kwatance, har sai da aka fito da ita a kafaɗa zuwa bakin titi. Ya tuna motar kashe gobara da ke jin ana ihu tana hango hayaƙi amma ba ta san ta wane layi za ta kutsa ba. An gwada magance rashin adireshi daga sama: hukumar gidan waya ta ƙasa ta rungumi tsarin what3words, mai ba kowane wuri adireshi da kalmomi uku, a 2017, Google yana da nasa lambobin da ya kira Plus Codes. Ban taɓa jin wanda ya yi wa mai keke kwatance da ɗayansu ba.

Makon jiya na gwada da kaina. Na buɗe OpenStreetMap a kwamfuta, na samu layin su ƙanwata a hoton sama, na zana shi, na nuna cewa ta baya a toshe yake. Da na zo wurin rubuta suna sai na tsaya. Ƙanwata ta ce Layin Mai Faci ake ce masa. Mijinta ya ce a'a, mai facin bai fi shekara shida a wurin ba, sunan layin Layin Rijiya, ko da yake an cike rijiyar tun kafin a kawo ta gidan. A jikin takardar kuɗin wuta kuma wani suna ne daban, na wani tsohon kansila. Muka ɗunguma wurin mai unguwa, na durƙusa na gaishe shi na ce, "Ranka ya daɗe, wanne za a rubuta?" Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallon rufin gidajen unguwarsa daga sama, ya sa yatsa ya nuna nasa, ya nuna masallaci. Sannan ya miƙo min ya ce in bari sai ranar Juma'a bayan an sauko, zai tara dattawan layin a ji ta bakinsu. Gurbin sunan yana nan babu komai har yanzu.